Yadda Wofa Sarpong Ya Koya wa Zomo Shiga Bayi

Gidanmu na haya a unguwar Bantama ta Kumasi ɗaki goma sha ɗaya ne, da famfo ɗaya, da mutum ɗaya wanda ya san komai. Sunansa Sarpong, amma kowa Wofa yake ce masa, wato Kawu, har mu da ba kawunmu ba ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa motar likitocin dabbobi zuwa ƙauyuka, kuma tun da ya ajiye aiki ya tabbatar wa kansa cewa shi ya koya musu sana'ar. In kaza ta yi tari a gidan, sai ya fito da tabarau. In akuyar maƙwabta ta ƙi cin abinci, sai ya je ya tsaya a kanta, hannu a baya, ya girgiza kai ya ce, "Hawan jini ne."

Ni Pokuaa, ɗinki nake yi a barandar ɗakina, don haka duk abin da zai faru a tsakar gidan nan a gaban kekena yake faruwa.

A ɗakin ƙarshe akwai 'yar ƙanwar Wofa, Dufie, ma'aikaciyar jinya. Tana da zomo fari mai baƙin kunne ɗaya, wanda ta sa wa suna Obolo saboda ƙibarsa. Ba zomon miya ba ne. In ta dawo daga aiki a gajiye, shi take ɗorawa a cinya tana ba shi labarin marasa lafiya. Yana ƙarami kowa yana sonsa. Da ya girma sai ya tsiri feshin fitsari: bango, ƙafar kujera, takalman mutane, babu wanda ya ƙyale. Rannan iska ta kayar da farin zanen coci na Maame Konadu, mai gidan, daga kan igiya, kafin a ɗauka Obolo ya riga ya sa masa hannu.

Maame ta ɗaga zanen da yatsu biyu ta nufi ɗakin ƙarshe.

"Dufie, 'yata, kin san ina son ki. Amma ran Asabar ta sama dangin saurayin 'yata za su kawo kayan aure daga Cape Coast, kuma a tsakar gidan nan za a zauna. In na ga ƙwaya ɗaya ta kashin dabbar nan, ko hancina ya shaƙi wani abu, to ki zaɓa: ko ya shiga tukunya, ko ku nemi wani gidan ku biyu."

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Kumasi ya san nauyin wannan maganar. Dufie ta yi kuka ranar. Ran Litinin ta kai Obolo asibitin dabbobi aka yi masa fiɗiya, don an ce mata feshin zai ragu a hankali, kuma bayan aikin ne zomo ya fi saurin koyon yin bahaya a wuri ɗaya. Ta dawo da shi a kwali yana layi kamar wanda ya sha ya bugu.

Washegari da safe aka kira ta daga wurin aiki: an tura ta Sunyani, babu fashi, sai Lahadi. Ta zo barandata da kwalin a hannu ɗaya, takarda a ɗayan.

"Anti Pokuaa, don Allah ki taimake ni. Kwana biyar ne kawai. Ga abin da likita ta rubuta..."

"Wane irin cin mutunci ne wannan?"

Wofa ne, da buroshin haƙori a baki. Ban san lokacin da ya iso ba.

"Kawunki yana raye, mutumin da ya yi wa shanu ɗari bakwai allura a wuni ɗaya, shi ne za ki kai marar lafiya wurin tela? In ɗinkin ya warware da keke za ta mayar?"

"Wofa, ba haka ba ne..."

"Kawo nan."

Ya karɓe kwalin da takardar. Dufie ta dube ni, na dube ta. Mota tana jiran ta, kuma mutum ba ya musu da yayan mahaifiyarsa a tsakar gida. Ta sunkuyo ta raɗa mini, "Ki sa ido, don Allah," ta tafi tana waiwaye.

Wofa ya sa tabarau, ya gyara murya, ya karanta takardar da ƙarfi don kowa ya ji.

"'Ya zauna a ƙaramin wuri mai tsabta. Kada ya yi tsalle. Kada a yi masa wanka.' Ƙazanta ke nan. 'Magani sau ɗaya a rana. A duba ɗinkin safe da yamma. Kada busasshiyar ciyawa ta yanke masa. A samu roba mai faɗi, a shimfiɗa jarida, a zuba ciyawa a kai, a ajiye a kusurwar da shi ya zaɓa.'" Ya sauke tabarau. "Da shi ya zaɓa? Zomo ne zai zaɓa? To gobe sai a yi masa katin zaɓe!"

Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburinsa da ke rawa. Sannan ya zaro usur daga aljihu.

"Ku saurara, 'yan gida. Kwana uku na ba shi. Busa ɗaya, fitsari. Busa biyu, babba. Busa uku, ya dawo ya tsaya a gabana. Haka sojoji suke horar da dawaki."

Agya Boadu kafinta, wanda ɗakinsa ke kallon na Wofa, ya ɗago daga katakon da yake gogewa.

"Busa huɗu fa? Ya ɗora mana ruwan shayi?"

"Kai ka ji da ƙusa, Boadu. Ilimi ba katako ba ne."

Ran Laraba da hantsi Wofa ya aro jan fo na yara daga wurin uwar tagwayen gidanmu, ya dasa shi a tsakiyar gida. Ya ɗauko Obolo ya ɗora a kai, ya cika kumatu ya busa. Obolo ya zabura, ya yi harbi da ƙafafun baya, ya ja wa Wofa zane uku a hannu, ya shige ƙarƙashin benci.

"Wofa, ɗinkin!" na ce. "An ce kada ya yi tsalle!"

"Ba tsalle ya yi ba, motsa jiki ne."

Sau uku ana haka. A na uku Obolo ya yi fitsarin, amma a kan wandon malaminsa.

"Ya gane busa," in ji Wofa yana kakkaɓe ƙafa. "Wurin ne bai gane ba. Ɗalibi misali yake so."

Na zaci wasa yake yi. Sai ga dattijo mai shekara sittin da bakwai ya tattare gajeren wandonsa ya zauna a kan fo, ya naɗe hannuwa a ƙirji irin na zomo, ya leƙa ƙarƙashin benci.

"Obolo, kalli nan. Ka ga yadda ake zama? Baya a miƙe. Yanzu saurara." Ya busa biyu.

Daidai lokacin ƙofar gida ta buɗe, matan zumuntar coci su takwas suka shigo da fararen ɗankwalaye, sun zo tsara girkin Asabar da Maame. Ta gaba ta tsaya cak, na baya suka yi karo da ita.

"Yesu! Wofa, ashe jikin ya kai haka? Ba wanda ya gaya mana!"

"Aiki nake yi," in ji Wofa, ya yunƙura ya miƙe.

Ya miƙe kam. Fo ma ya miƙe tare da shi. Ya juya hagu, fo ya bi shi. Ya juya dama, yana nan. Matan suka fara addu'a, wata tana riƙe ciki tana cewa amin. Sai da Agya Boadu ya zo da zarto.

"Tsaya cik, likita. In ka motsa, ku biyu za a yi jinya."

Da yamma Wofa ya kwashe ciyawar da Dufie ta bari ya watsa wa akuyar maƙwabta.

"Ciyawa abincin mai lafiya ne. Wanda aka yi wa aiki romo yake sha."

Ya ajiye wa zomo sakwara da romon kifi mai yaji a faranti. Maganin kuwa, ya ɗiga a harshe, ya yatsine fuska, ya ce zaƙi gare shi, kuma shi bai taɓa ganin maganin kirki marar ɗaci ba. Ya ɗora kwalbar a kan taga.

Ran Alhamis da tsakar rana ya buga gwangwani ya tara mu.

"Maame, zo ki duba da idonki. Boadu, ajiye gudumar. Ku bincika ɗakin nan da barandar nan. Wanda ya samo mini ƙwaya ɗaya, na yarda ya kira ni direba."

Muka duba. Ƙasa fes, ko ɗigo. Maame ta shinshina ta gyaɗa kai.

"Lallai Wofa, wannan karon ka yi abin kai."

"Tun jiya da yamma bai yi komai ba! Ya san babu izini. Wannan shi ake kira tarbiyya."

Ni kuwa Obolo nake kallo. Ya dunƙule a kusurwa, ido rabi a rufe, yana ɗan cizon haƙora. Sakwarar tana nan yadda aka ajiye ta, ƙuda na bi. Na taɓa kunnensa na ji sanyi. Na durƙusa na fizgo takardar daga ƙarƙashin ƙafar tebur, teburin ya karkace, kofin kokon Wofa ya kife a cinyarsa. Yana ihu ni ina karatu. Can ƙasa, da jan biro, wurin da bai kai ba, an rubuta: in ya yi rabin wuni bai ci ba ko bai yi kashi ba, haɗari ne, a kira ni nan take. Ga lamba.

Na koma bayan famfo na kira. Muryar mace ce, a natse. Ta yi mini tambayoyi, na amsa. Da na ambaci romon kifi sai ta ce:

"Ki ba shi maganin yanzu, ta gefen baki, a hankali. Ki lulluɓe shi ya ji ɗumi. Ki nemo busasshiyar ciyawa da ɗanyen ganye ki sa a gabansa. In ƙarfe huɗu ta yi bai taɓa ba, ki ɗauko shi ki kawo mini, ko me kike yi."

Saura yadda zan yi da Wofa. Na yafito Agya Boadu na gaya masa. Ya share hannu a riga ya tafi wurin Wofa da fuskar jimami.

"Likita, yanzu aka aiko daga bayan tashar mota. Wai wata akuya ta suma, an rasa mai duba ta. Na ce musu kana da aiki, su nemi wani."

"Wani wa? Wa suke da shi?" Tuni ya ɗauki tabarau. "Pokuaa, kada kowa ya taɓa mini ɗalibi."

Yana fita na ba Obolo magani, na naɗe shi a tsohon tawul. Agya Boadu ya hau keke ya samo ciyawa wurin masu tumaki, ni kuma na roƙi ganyen karas wurin mai kayan miya. Muka zauna mu biyu muna kallon zomo. Ƙarfe biyu, shiru. Ƙarfe uku, shiru. Na riga na ɗaura ɗankwali zan nemi tasi, sai hancinsa ya motsa. Ya ja ganye ɗaya, ya tauna. Ya ja na biyu. Kafin rana ta yi sanyi ya juya baya ya ajiye mana ƙwaya uku, ƙanana, busassu. Agya Boadu ya cire hula. Ni dai tunda nake ban taɓa murnar ganin kashi irin ta ranar ba.

Wofa ya dawo da gumi. Bai sami akuyar da ta suma ba, amma ya sami wata tana barci, ya tashe ta, ya yi wa mai ita faɗa. Ya ga Obolo yana tauna, ya tafa hannu.

"Romon ya buɗe masa ciki. Na gaya muku."

Ran Juma'a Obolo ya rama duk abin da ya riƙe. Kuma wuri ɗaya ya nace wa: kusurwar barandar Wofa, bayan buhun gawayi, inda yake ajiye takalmansa na zuwa biki. Da safe ya zura ƙafa a takalmi, ya zaro ta a hankali.

"Wofa," na ce, "ai ya zaɓa. Ka sa masa roba a nan, magana ta ƙare."

"Ni da barandata, zomo ne zai nuna mini inda za a gina bayi?"

Ya ɗauke takalman, Obolo ya koma kusurwar. Ya toshe ta da rediyonsa, Obolo ya gutsure wayar ana tsakiyar labarai, ya yi abinsa a gefe. Daga ƙarshe Wofa ya ce shi da kansa zai yi gadi. Ya tsaya a kusurwar, ƙafa a haɗe, hannu a ƙugu. Obolo ya zo ya shinshina, ya juya, ya yi a kan babban yatsansa.

"Ko ba komai ya san mai gida," in ji Agya Boadu.

Da Wofa ya shiga wanka, na ɗauko tsohuwar robar wankina mai gajeren baki, na shimfiɗa jarida, na cika gefe ɗaya da ciyawa, na tsinto 'yan ƙwayoyin na zuba a ciki don ya ji warin kansa. Na tura ta bayan buhun gawayi. Sauran wuraren na goge su da ruwan tsami. Obolo ya zo ya zagaya robar, ya shiga, ya zauna yana cin ciyawa ta gaba, aiki yana tafiya ta baya. Ban gaya wa kowa ba sai Agya Boadu.

Nan na yi kuskure. Wofa ya fito ya busa usur, Obolo ya tsorata ya ruga bayan buhu. Bayan ɗan lokaci ya fito. Wofa ya duba ƙasa, tsaf. Ya sake busawa, aka sake haka. Bai leƙa bayan buhun ba, don a ganinsa babban likita ba ya leƙe-leƙe.

"Ya kama! Har kunya ya koya, sai ya ɓuya yake yi!"

Da yamma ya tafi kasuwar Kejetia ya dawo da sabon fo da sabon usur na ƙarfe, wanda in an busa sai haƙoranka sun amsa.

"Wofa, don girman Allah gobe ka bar shi a ɗaki. Aikin kwana huɗu ne kawai, ga taron mutane."

"Haba Pokuaa, kin ɗauke ni yaro? Na san abin da ya dace."

Ran Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka share gida har sau biyu. Masu girki suka ja buhun gawayin zuwa bakin murhu, ban lura ba sai daga baya. Baƙi suka iso su kusan ashirin. Aka shimfiɗa wa babban tebur farin ƙyalle har ƙasa, aka jera kwalaben abin sha a kai. A gefensa, kan tabarma, aka buɗe akwatin amarya, zannuwa a ninke har baki.

Wofa ya fito cikin zanen saƙi na kente ya yafa a kafaɗa, yana ƙamshin turare. Bai zauna a ɓangarenmu ba. Ya je cikin baƙi ya sami kujera kusa da wata mata mai tabarau, mai shiru-shiru. Ina raba ruwa a bayansu, don haka da kunnena na ji.

"Ni likitan dabbobi ne, ai an gaya miki. Yanzu haka ina da marar lafiya a ɗaki, zomo. Ni na yi masa fiɗiya da hannuna ran Litinin. Reza ɗaya da zare."

"Ikon Allah," in ji matar. "Ɗinki nawa ka yi?"

"Goma sha biyu."

"A jikin zomo?"

"Babban zomo ne. Likitocin yanzu ba su san komai ba, 'yata. Wata yarinya ta rubuto mana takarda, wai zomo ya zaɓi kusurwa. Na tokare ƙafar tebur da ita. A nan ta yi amfani."

Matar ta kurɓi ruwa. Muryar ta yi mini kama da wadda na taɓa ji, amma aka kira ni wajen murhu.

Mai magana da yawun baƙi ya gama jawabinsa, namu ya amsa, aka aika a fito da amarya. A ɗan shirun nan Wofa ya miƙe.

"Iyaye da baƙi, kafin 'yarmu ta fito, ga ɗan abin nishaɗi, kyauta daga gare ni."

Maame ta buɗe baki, amma a gaban surukai ba ta iya ihu ba. Kafin in ajiye tire ya shiga ɗaki ya fito, zomo a hammata, fo a hannu. Ya ajiye su a tsakiyar fili.

"Busa ɗaya, ƙarami. Busa biyu, babba. Wanne kuke so?"

"Babba!" in ji wani saurayi daga baya.

Wofa ya busa. Usur ɗin ƙarfen ya tsaga rumfa, wani jariri ya tsala kuka, Obolo ya ɓace. Sai gani muka yi layin kujeru yana motsi, mata suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ce, "Gafiya!" ta haye kujera da zanenta a hannu. Wani ya zubar da lemo a wuyan na gabansa. Obolo ya kutsa ƙarƙashin babban tebur, ya fita ta ɗaya gefen, ya nutse cikin zannuwan akwati.

"Kowa ya zauna! Yana cikin shirin!" in ji Wofa. Ya durƙusa ya rarrafa ƙarƙashin ƙyallen tebur har sai ƙafafunsa kawai ake gani. Hannunsa ya fito ta ɗaya gefen yana lalube a cikin akwati, shi kuma yana ta busa uku-uku, wai ɗalibi ya dawo.

Abin da ya manta shi ne, a unguwarmu busa uku kiran ɓarawo ne. Samarin sintiri suna dara a gindin bishiyar ƙofar gida. Su biyar suka faɗo da sanduna. Me za su gani? Mata a kan kujeru suna ihu, ƙafafun mutum a ƙarƙashin tebur, da hannu a cikin kayan amarya.

"Ga shi nan! Da rana tsaka!"

Biyu suka kama ƙafa ɗaya, biyu suka kama ɗayar, suka ja. Wofa ya rungume ƙafar tebur. Suka ƙara ƙarfi. Tebur ya biyo shi, kwalabe suka bi tebur, kenten ya maƙale a ƙusa ya zauna. Abin da ya fito fili shi ne Wofa Sarpong, daga shi sai gajeren wando, usur a baki, rigar barcin amarya mai leshi a hannu.

Shugaban samarin ya sauke sanda.

"Wofa? Kai ne? To wa ya busa?"

Wofa ya so ya amsa, usur ya yi ɗan ƙara.

Gida ya yi tsit. Amarya tana tsaye a bakin ƙofa da ƙawayenta, hannu a baki. Cikin wannan shirun Obolo ya leƙo daga akwati. Ya sauko, ya ratsa fili a hankali, ɗis, ɗis, ta gaban dattawa, ta gaban Maame, ya nufi kusurwar barandar Wofa inda robata take a fili tunda an ɗauke buhu. Ya shiga, ya juya, ya ja ciyawa, ya yi abin da ya kawo shi. Mutum hamsin suna kallo.

Wofa ya tofar da usur.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Aikina ke nan! Kwana uku!"

Matar nan mai tabarau ta tashi. Ta je ta durƙusa, ta jira ya gama, ta ɗauke shi hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, ta duba cikinsa da kyau.

"Allah ya taimake ka, Baba. Ɗinkina bai motsa ba."

"Ɗinkin wa?"

"Nawa. Ni ce yarinyar da ta rubuta takardar. Sunana Dakta Essilfie, yayar ango." Ta juya ga jama'a. "Wace ce ta kira ni ran Alhamis?"

Na ɗaga hannu da tire a ciki.

"Robar nan fa?"

"Ta wankina ce."

"To ki bar ta a inda take. A canza jaridar kullum, ciyawa kada ta yanke. In ya yi kuskure a waje, a tsince a zuba a ciki, a goge wurin, kada a daka masa tsawa. Feshin zai ɗauki 'yan makonni kafin ya tafi gaba ɗaya. Yanzu a kai shi ɗaki mai shiru, ya sha wuya yau." Ta miƙa wa Wofa hannu. "Usur ɗin, Baba."

Ya ba ta kamar ɗan makaranta.

"Da rigar, likita," in ji Agya Boadu. "Ba za ta shige ka ba."

Babban dattijon baƙi ne ya fara. Tun ɗazu yake cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa, sai ya fashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. Rumfa gaba ɗaya ta ɗauka. Ya share hawaye ya ce shi ya je neman aure gidaje da yawa, amma wannan ne na farko da aka yi masa wasan kwaikwayo kyauta, kuma gidan da ake dariya haka ya yarda ɗansa ya shiga. Aka ɗaga tebur, aka share kwalabe, aka kakkaɓe zannuwa, aka ci gaba da biki. Wofa ya shige ɗaki ya ja labule. Da aka fara rabon abinci ya miƙo kwano ta taga.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci Dufie ta dawo. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce barandar kawunta. Ta tarar da Obolo a cikin roba yana cin ciyawa. Ta ɗauke shi ta duba ɗinkin, ta manna shi a ƙirji. Sannan ta juyo. Duk 'yan gidan mun fito, kowa ya sami abin yi a ƙofar ɗakinsa. Wofa yana kan benci, gwiwoyi biyu a naɗe da bandeji, yana karanta jarida da ƙwazo.

"Wofa, na gode. Ya ba ka wahala?"

"Wahala? Wace irin wahala? Irin wannan aikin ai ido a rufe nake yin sa."

"To me ya sami gwiwarka?"

"Sanyi ne."

Dufie ta dubi Maame Konadu, wadda ke zaune a ƙofarta tana tsince shinkafa.

"Maame, maganar ɗakin..."

Maame ba ta ɗago ba.

"Ɗakinki naki ne, 'yata. Zomon nan yana da hankali, ya zauna. Abu ɗaya kawai nake roƙon ki." Ta hure ƙaiƙayi daga tire. "In za ki sake tafiya, ki bar kawunki a hannunsa."